Koyarwar Kiristanci Kan Yaƙi, Sulhu da Yafiya: Abin da Ya Kamata Ɗan Daura Mazaunin Birni Ya Sani

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya, a garin Daura

 

Gabatarwa

Mai yiwuwa ne wani ya tambaya, me ya haɗa taron raya ƙasar Daura da koyarwar addinin Kirista? Amsar tana cikin wannan zaure. Mafi yawanmu a Kaduna, ko Jos, ko Kano, ko Abuja, ko Legas muke neman abinci. A can, wanda muke haɗa katanga da shi, ko tebur a ofis, ko rumfa a kasuwa, sau da yawa Kirista ne. 'Ya'yanmu da nasu aji ɗaya suke zama. Nan gida ma al'amari ya sauya, domin kuwa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, da Jami'ar Sufuri, da barikin soja, da asibitoci, da shirin yi wa ƙasa hidima, duk sun kawo mana baƙi daga kowace kusurwa ta Nijeriya. Bugu da ƙari, a cikin jiharmu akwai Hausawa Kirista haihuwar nan, musamman a yankin Malumfashi da Kafur. A 2023 aka yanke wa Katsina yankin bishof na ɗariƙar Katolika daga na Sakkwato, aka naɗa Gerald Mamman Musa, ɗan ƙasar Malumfashi, bishof na farko, kuma Daura tana cikin wannan yanki.

Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu. Duk wanda ya zauna a birni lokacin rikici ya san cewa jita-jita ce ke riga wuƙa fita. Abin da ke sa jita-jita ta kama kuwa shi ne, kowane ɓangare yana zaton addinin ɗaya ɓangaren ne ya umarce shi da zubar da jini. Manufar wannan jawabi ita ce mu bayyana abin da littattafan Kirista da manyan malamansu suka faɗa game da yaƙi da ramuwa da yafiya, kamar yadda su suka fahimce shi, sannan mu duba yadda wannan sani zai amfane mu. Hukuncin addininmu yana hannun malamanmu, su ne masu bayaninsa. Namu aikin tsohon malamin makaranta ne, wato mu buɗe littafin maƙwabci mu karanta wa aji.

Tushen Koyarwar

Tushen maganar yana cikin huɗubar da Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, wanda Kirista ke kira Yesu Almasihu, ya yi a kan dutse, kamar yadda ta zo a Linjilar Matiyu daga sura ta 5 zuwa ta 7. A cikinta ya ɗaukaka darajar masu sasanta mutane. Ya nuna cewa laifin kisa tun daga fushi da zagi yake farawa, har ya umarci wanda ya zo ibada alhali akwai saɓani tsakaninsa da ɗan'uwansa ya koma su shirya tukuna. Ya hana almajiransa rama mari da mari, ya kuma ɗora musu nauyin da ya fi kowane wuya, wato nufin maƙiyi da alheri da yi masa addu'a. Addu'ar da kowane yaron Kirista ke haddacewa tun yana ƙarami tana cikin wannan huɗuba, kuma a cikinta mai roƙo yana ɗaura gafarar da yake nema wurin Allah a kan gafarar da shi ya yi wa waɗanda suka cuce shi.

A sura ta 18 ta wannan littafi, Bitrus, babban almajiri, ya tambayi sau nawa zai yafe wa ɗan'uwansa, ko sau bakwai ya isa. Amsar da ya samu ta nuna cewa yafiya ba abar ƙidaya ba ce. Aka biyo da misalin wani bawa da sarki ya yafe masa bashin da ba zai iya biya ba har iyakar rayuwarsa, amma da ya fita sai ya shaƙe wuyan abokin aikinsa a kan bashin da bai wuce ladan ƙwadagon kwana ɗari ba. Da labari ya kai kunnen sarki, sai ya janye yafiyarsa. Har ila yau, Kirista sun ruwaito cewa a daren da aka zo kama Almasihu, wani almajiri ya zare takobi ya sare kunnen bawan babban limamin Yahudawa, sai ya tsawata masa ya sa ya mayar da takobin kube. Bisa ga imaninsu kuma, a lokacin da yake kan gicciye ya roƙa wa masu azabtar da shi gafara. Mun san aƙidar Musulmi ta bambanta a kan wannan batu na gicciye, amma wajibi ne mu san cewa a wurin maƙwabcinmu nan ne madubin yafiya yake.

Bulus ya ƙara bayani a wasiƙarsa ga mutanen Rum. A sura ta 12 ya hana mai bi ɗaukar fansa da hannunsa, ya ce a bar wa Allah, a ciyar da maƙiyi in yana jin yunwa. A sura ta 13 kuma ya ce hukuma ce aka bai wa takobi domin ta hukunta mai laifi. Waɗannan surori biyu da ke jere su ne ginshiƙan maganar duka: an ƙwace ramuwa daga hannun mutum ɗaya, an danƙa hukunci a hannun hukuma.

Daga Ƙin Ɗaukar Makami Zuwa Sharuɗɗan Yaƙi

A ƙarni uku na farko Kirista ba su da mulki, tsananta musu ma ake yi a Daular Rum, kuma da yawa daga malamansu suna ganin aikin soja bai dace da mai bi ba. Abin sha'awa shi ne, a nan nahiyarmu ta Afirka aka fi tafka wannan muhawara. Tartuliyan, malamin birnin Kartaj da ke ƙasar Tunisiya ta yau, ya yi rubutu yana hana mai bi ɗaukar takobi. A shekara ta 295, a garin Tabassa da ke Aljeriya ta yau, an sare kan wani saurayi mai suna Maksimiliyan ɗan shekara 21 saboda ya ƙi shiga soja bisa dalilin addini.

Al'amari ya juya a shekara ta 313, lokacin da Sarki Kustantin ya halatta addinin a daularsa. Kafin ƙarnin ya ƙare, Kirista ne ke riƙe da mulki da alƙalanci da rundunar mayaƙa. Sai sabuwar tambaya ta taso: in mahara suka afka wa gari, shin sarki mai bi zai naɗe hannu a yanka talakawansa? Wanda ya fi kowa tasiri wajen amsa wannan tambaya shi ne Agustin, bishof na garin Hippo, wato Annaba ta Aljeriya, wanda ya rayu daga 354 zuwa 430, ya kuma rasu mahara suna kewaye da garinsa. A ganinsa, kare raunana daga azzalumi yana cikin ƙaunar maƙwabci, saboda haka hukuma tana iya yaƙi in ya zama dole, amma da baƙin ciki, kuma da nufin maido da zaman lafiya. Ya yi nuni da cewa lokacin da sojoji suka je wurin Annabi Yahaya suna neman shiriya, abin da ya hana su shi ne ƙwace da sharri, bai ce su ajiye aikinsu ba.

Bayan shekaru ɗari takwas, Tomas Akwinas, malamin Italiya da ya rasu a 1274, ya tsara maganar cikin sharuɗɗa uku: halattacciyar hukuma ce kaɗai za ta ƙaddamar da yaƙi, sai da dalili na gaskiya, sai kuma da kyakkyawar niyya. Littafin koyarwar ɗariƙar Katolika da aka fitar a 1992 ya ƙara tsananta abin. A sakin layi na 2309 ya jera sharuɗɗa huɗu waɗanda dole su haɗu gaba ɗaya kafin ƙasa ta ɗauki makami don kare kanta. Na farko, ɓarnar da mai hari ke yi ta kasance babba, mai ɗorewa, kuma tabbatacciya. Na biyu, an gwada duk sauran hanyoyi sun gaza. Na uku, akwai kyakkyawan zaton nasara, domin kada a zubar da jini a banza. Na huɗu, kada maganin ya fi cutar muni. Littafin ya ci gaba da cewa ko an shiga yaƙi ba kome ne ya halatta ba. Farar hula da raunatattu da fursunoni suna da haƙƙi, soja wajibi ne ya bijire wa umarnin kisan ƙare dangi, kuma rusa birni da mutanen cikinsa laifi ne ga Allah da bil'adama. Ya amince mutum ya kare ransa da na iyalinsa in an far masa, amma ya haramta ƙiyayya da neman fansa.

Jama'a, mu auna wannan da abin da muke gani a garuruwanmu. Samarin da suka tare hanya suna tambayar matafiya sunansu da addininsu, wace hukuma ce ta aike su? Wane laifi fasinjan mota ya yi? Babu sharaɗi ko ɗaya daga cikin waɗannan da irin wannan aiki ya cika. Saboda haka duk Kiristan da ya yi haka ya saɓa wa littafinsa da malamansa, kamar yadda malamanmu ke faɗa mana game da Musulmin da ya yi irinsa.

Akwai kuma ɗariƙun da har yau suke kan ra'ayin farko na ƙin yaƙi ɗungurungum. Ɗaya daga cikinsu tana nan Arewa, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wadda aka kafa tushenta a Garkiɗa a 1923. Za mu dawo kanta nan gaba.

Inda Aiki Ya Saɓa da Koyarwa

Ba za mu yi wa tarihi kwaskwarima ba. Yaƙe-yaƙen Salibiyya da aka ƙaddamar a 1095 da kiran Fafaroma aka yi su, kuma an zubar da jinin Musulmi da Yahudawa a birnin Ƙudus a 1099. Daga 1618 zuwa 1648 Katolika da Furotesta sun gwabza yaƙin shekara talatin da ya cinye miliyoyin rayuka a Turai. A Ruwanda, a 1994, an kashe mutane a cikin majami'un da suka gudu neman mafaka, kuma daga baya kotuna sun samu wasu ma'aikatan coci da hannu. Amma ko a tsakiyar wancan duhu akwai masu riƙe da fitila. A 1219, ana cikin yaƙi a Dimyaɗ ta ƙasar Masar, wani mai gudun duniya, Faransis na garin Asisi, ya tsallaka fagen fama ba makami ya je wurin Sarki Al-Kamil, wanda ya karɓe shi da mutunci ya sallame shi lafiya.

A ƙarni na ashirin, bayan yaƙin duniya biyu da ƙera makaman ƙare dangi, shugabannin Katolika sun sake nazari. A watan Afrilun 1963, watanni shida bayan Amurka da Tarayyar Sobiyat sun kusa gwabzawa a kan Kyuba, Fafaroma John na 23 ya fitar da wasiƙa kan zaman lafiya, inda ya nuna cewa a zamanin nukiliya hankali ba zai ɗauki yaƙi a matsayin hanyar ƙwato haƙƙi ba. A watan Oktoban 1965 babban taron bishof-bishof na duniya ya fitar da sanarwa cewa Coci tana girmama Musulmi, masu bauta wa Allah ɗaya, ya kuma yi kira ga ɓangarorin biyu su bar gabar da ta wuce. Ɗan Nijeriya ne, Kadinal Francis Arinze, ya shugabanci ofishin hulɗa da sauran addinai a fadar Batikan daga 1984 zuwa 2002. Fafaroma John Paul na biyu, wanda ya ziyarci Kaduna a 1982, ya fito fili a watan Maris na 2000 ya nemi gafarar Allah kan zaluncin da 'ya'yan Coci suka aikata da sunan addini, ya shiga Masallacin Banu Umayya a Dimashƙa a 2001, ya kuma yi adawa da mamayar Iraƙi a 2003. A ranar 4 ga Fabrairun 2019 Fafaroma Francis da Shehun Azhar, Ahmad Aɗ-Ɗayyib, suka sa hannu kan takardar 'yan'uwantaka a Abu Dhabi, wadda ta yi tir da kisa da sunan Allah. A wasiƙarsa ta 2020 kuma Francis ya ce da irin makaman yau, da wuya ƙwarai a sami yaƙin da zai cika waɗancan tsoffin sharuɗɗa.

Yafiya da Adalci

Nan ne muke son mu ɗan tsaya, domin nan ne aka fi samun rashin fahimta. Wasu suna ɗauka cewa yafiya a wurin Kirista tana nufin a bar mai laifi ya tafi salin-alin. Koyarwar ta fi haka zurfi. Ta raba abubuwa uku: abin da ke kan wanda aka cuta, da abin da ke kan wanda ya yi cutar, da abin da ke kan hukuma. Wanda aka cuta ana neman ya fitar da ƙiyayya daga zuciyarsa, ya bar neman fansa. Wanda ya yi cutar ana neman ya amsa laifinsa, ya tuba, ya mayar da haƙƙi. Linjilar Luka, sura ta 19, ta kawo labarin Zakka, mai karɓar haraji, wanda tubarsa ta tabbata da ya yi alkawarin mayar wa duk wanda ya zalunta ninki huɗu. Hukuma kuwa ana neman ta binciko gaskiya, ta hukunta, ta kare jama'a, ko da wanda aka cuta ya yafe.

Misali mafi bayyana shi ne na Fafaroma John Paul na biyu. A ranar 13 ga Mayun 1981 wani Baturke, Mehmet Ali Agca, ya harbe shi a dandalin Batikan, ya tsira da ƙyar. Tun yana gadon asibiti ya bayyana cewa ya yafe, kuma a watan Disamban 1983 ya tafi gidan yari da ƙafarsa ya zauna da maharbin. Duk da haka Agca ya ci gaba da zaman kaso a Italiya har zuwa 2000, shekara 19 ke nan. Yafiyar Fafaroma ba ta rushe hukuncin kotu ba. A saƙonsa na ranar zaman lafiya ta 2002, watanni kaɗan bayan harin 11 ga Satumba a Amurka, ya bayyana cewa zaman lafiya yana buƙatar adalci, adalci kuma yana buƙatar yafiya, domin kotu tana iya yanke hukunci amma ba ta iya warkar da zuciya. Francis ya ƙara da cewa yafewa ba mantuwa ba ce, kuma ƙaunar azzalumi ta gaskiya ita ce a hana shi ci gaba da zalunci.

Wannan rabe-rabe yana da amfani ga wata matsala da ke ci mana tuwo a ƙwarya a jiharmu. Allah Ya rufa wa ƙasar Daura asiri daga mafi munin ta'addancin 'yan bindiga, amma 'yan'uwanmu na Jibiya da Batsari da Safana da Ƙanƙara da Faskari sun ɗanɗana kuɗarsu, kuma ba mu manta da ɗalibai fiye da 300 da aka kwashe a Ƙanƙara a Disamban 2020 ba. Gwamnatin Aminu Bello Masari ta yi sulhu da 'yan bindiga har sau biyu, na baya a 2019, sulhun ya wargaje. A 2025 wasu ƙananan hukumomi sun sake ƙulla nasu. Ba mu da bakin zargin manomin da ke son ya koma gonarsa. Sai dai tambayoyin da wannan koyarwa ke sa mu yi suna nan: an amsa laifi? An ajiye makami? An sako waɗanda ake tsare da su, an mayar da shanu? An tambayi matar da aka kashe wa miji ko ta yafe? Yafiya haƙƙin wanda aka cuta ne, wani ba ya yin ta a madadinsa. Sulhun da aka gina ba tare da waɗannan ba, gini ne a kan rairayi.

Darussa Daga Ƙasarmu

Manyanmu za su tuna watan Maris na 1987, muna cikin tsohuwar Jihar Kaduna, watanni shida kafin a ƙirƙiro Jihar Katsina. Saɓani tsakanin ɗalibai a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan ya zama wutar da ta kama Zariya da Funtuwa da Katsina cikin 'yan kwanaki. Tun daga lokacin salon bai sauya ba. A Fabrairun 2004 aka kashe Kirista da dama a Yelwa ta Jihar Filato, wasu a cikin coci. A farkon watan Mayu aka dawo ramuwa, aka kashe ɗaruruwan Musulmi a garin. Bayan kwana kaɗan aka huce a kan Kirista mazauna Kano, waɗanda yawancinsu ba su taɓa taka Yelwa ba. A 2006 abin ya tashi a Maiduguri, aka rama a kan 'yan Arewa a Anacha. Bayan zaɓen 2011 rayuka fiye da 800 suka salwanta a jihohin Arewa, jiharmu ma ba ta tsira ba. A kowane zagaye, wanda ya yi laifin daban, wanda ya biya daban. Kuma mu 'yan ci-rani a birane, mu ne muka fi kowa kusa da zama masu biya.

Amma akwai waɗanda suka tsinke wannan sarƙa. Janar Yakubu Gowon, wanda ya tashi a Wusasa ta Zariya, gidan masu wa'azin Kirista, ya karɓi miƙa wuyan Biyafara a Janairun 1970, ya ayyana afuwa, ya ce babu wanda ya ci babu wanda aka ci. A 1982 Shugaba Shehu Shagari ya cika aikin da yi wa Odumegwu Ojukwu afuwa ya dawo gida.

A Kaduna, Fasto James Wuye da Imam Muhammad Ashafa sun jagoranci samari masu gaba da juna a rikicin da ya biyo bayan na Zangon Kataf a 1992. Wuye ya rasa hannunsa, Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa biyu. Sun haɗu a 1995, kowa da tabonsa. Wuye da bakinsa ya sha faɗa cewa ya yi shekaru yana aiki tare da Ashafa alhali zuciyarsa tana raya masa kisa, sai da wani fasto ɗan'uwansa ya faɗa masa cewa ba zai yiwu ya yi wa'azin Almasihu da ƙiyayya a ciki ba. Cibiyar sasanci da suka kafa ta taimaka aka samu sanarwar zaman lafiya ta Kaduna a watan Agustan 2002, wadda shugabannin addini 22 suka sa wa hannu, aka kuma sasanta mutanen Yelwa a 2005. Kowannensu daga littafinsa ya samo dalilin ajiye makami, kuma babu wanda ya bar addininsa.

Ekklesiyar 'Yan'uwa da muka ambata ta sha jarrabawa mai tsanani. Mafi yawan 'yan matan Chibok 276 da aka sace a Afrilun 2014 'ya'yanta ne, a Oktoban shekarar kuma Boko Haram ta mamaye hedikwatarta da ke Kwarhi kusa da Mubi. Shugabanninta sun tsaya kan hana ramuwa, kuma agajin da suka raba ya kai ga Musulmin da rikicin ya raba da gidajensu. A tsallaken iyakarmu ta Kongolam, a Janairun 2015, an ƙone coci-coci a Damagaram da Yamai saboda zanen ɓatanci da wata jarida ta buga a Faransa, alhali Kiristan Nijar ba su da hannu a ciki. Shugabanninsu suka yi kira ga mabiyansu su yafe. A ɗaya ɓangaren kuma, a watan Yunin 2018, Liman Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar a Barikin Ladi ya ɓoye mutum 262, akasarinsu Kirista, a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a ƙofa ya hana mahara shiga. Ashe alheri ba shi da ƙabila.

Abin da Ya Rage Gare Mu

'Yan'uwa, muna ba da shawarwari huɗu ga uwar ƙungiya da rassanta.

Na ɗaya, kowane reshe ya san limaman coci da shugabannin Kirista na unguwannin da 'ya'yanmu suke zaune tun ana zaman lafiya. A riƙa gaisuwa, a riƙa zuwa ta'aziyya da barka. Ba a fafe gora ranar tafiya. Majalisar tuntuɓar juna tsakanin addinai da aka kafa a 1999, wadda Sarkin Musulmi da shugaban Ƙungiyar Kiristocin Nijeriya ke jagoranta tare, ba za ta iya isa kowane lungu ba, sai mu muka kai ta.

Na biyu, mu tsare harshenmu da yatsunmu. Abin da a da sai ya kwana kafin ya iso daga Kafanchan, yau cikin minti ɗaya yake shiga wayar kowa ta WhatsApp da Facebook, wani lokaci da hoton da aka ɗauko daga wata ƙasa. Duk saƙon da ke cewa addinin su wane ne ya umarce su da kashe mu, yanzu mun san abin da littattafansu suka ce. Kada mu tura shi gaba.

Na uku, mu koya wa 'ya'yanmu bambanci tsakanin mai laifi da mai kama da shi. Malamar da ta zo daga Kudu tana koyar da lissafi a Baure ko Sandamu ko Mai'aduwa ko Zango amana ce a hannunmu, kamar yadda ɗanmu mai sayar da kaya a Fatakwal amana ne a hannun wasu. Yadda muka riƙe nasu, haka muke da bakin neman a riƙe namu.

Na huɗu, mu riƙa neman adalci ga kowa da murya ɗaya. In an kashe masallata mu yi magana, in an kashe masu ibada a coci, kamar yadda aka yi a Madalla a 2011 da Owo a 2022, mu yi magana. Rashin hukunta masu laifi shi ne takin ramuwar gayya, kuma a kan wannan batu mu da maƙwabtanmu buƙatarmu ɗaya ce wurin hukuma.

Tarihin garinmu da kansa ya fara da baƙo. Da tsohuwa Ayana ta rufe wa Bayajidda ƙofa a daren da ya sauka, da mutanen Daura sun ci gaba da jiran Juma'a kafin su ɗebi ruwa a Kusugu. Bayan jihadi ƙasar nan ta yi kusan shekara ɗari a rabe tsakanin Daura da Zango da Baure, kafin ta sake haɗuwa a zamanin Sarki Malam Musa a farkon ƙarni na ashirin, kuma ga jikokin ɓangarorin nan uku zaune a zaure ɗaya yau. Mutanen da suka gaji wannan bai kamata a koya musu darajar sulhu ba, su ya kamata su koya wa wasu a duk garin da suka sauka. Iyayenmu sun riga sun yanke magana da suka ce zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki.

Muna roƙon Allah Ya ƙara wa Mai Martaba Sarkin Daura, Alhaji Umar Faruk Umar, lafiya da nisan kwana, Ya jiƙan magabatanmu, Ya kawo ƙarshen zubar da jini a jiharmu da ƙasarmu baki ɗaya, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.